Alkawarin shekara ashirin a cikin salula: fashin baƙi kan inshorar rai da fasahar zamani

Kwana uku da fitar matar kawuna daga takaba ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida a unguwar Zariya ta nan Maradi, ta baje takardun marigayi a kan tabarma, ta ware wata mai shafi huɗu da ta yi ja don daɗewa. Ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko, duba mini wannan. An ce da sunana a ciki. Ko bashi kawunka ya bar mini?" Sai da na karanta sau biyu sannan na ce, "Inna, ba a bin ki komai. Ke ce ma ke bin su."

Kawuna malamin makaranta ne. Shekara goma sha ɗaya ana cirar wani abu daga albashinsa duk wata ana zuba wa wani kamfanin inshorar rai, bisa sharaɗin in ta Allah ta kasance a biya iyalinsa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Muka shiga haɗa takardu: ta mutuwa daga ofishin magajin gari, ta likitan da ya duba shi, ta kotu mai nuna magada. Aka sa a ambulan aka ba motar Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600. Suka dawo, wai sunan da ke yarjejeniyar ya saɓa da na katinsa. Suna ɗaya ne, rubutun Faransanci ya raba shi biyu, kamar yadda za ka ga Mahamadou a wata takarda, Mamane a wata, alhali mutum guda ne. Aka gyara aka sake aikawa. Suka sake dawowa, don wata takarda ta ce an haife shi "wajajen" shekara kaza, wata kuma ta ce ranar 1 ga Janairu. Wata tara cif kafin kuɗin su shigo. Ba wanda ya ci mata ko dala ɗaya, wannan kam na shaida. Amma a cikin watannin nan tara ta sayar da jajayen awakinta uku don kuɗin makarantar yara, kuɗin da inshorar ta ce za ta ɗauke mata.

Shi ya sa in na ji ana cewa fasahar zamani za ta kawo sauƙi da saurin aiki a harkar inshora, tambayar da ke fara zo mini ita ce: sauƙi a wane gefe? Gefen karɓa ko gefen biya?

Yawancinmu a Maradi inshorar mota muka sani, ita ma don jami'an hanya na tambayar takardarta. Wannan ta shekara guda ce ko ƙasa da haka, in ta ƙare ta ƙare. Ta dogon zango wata aba ce daban. Akwai wadda ke biyan iyali in mutum ya rasu, akwai ta tanadin tsufa, akwai ta karatun yara, akwai kuma wadda banki ke ɗora wa mai cin bashi don in ya mutu a yafe wa magada sauran. Dukkansu alkawari ne da ake ɗauka yau a cika bayan shekara goma, ashirin, ko talatin. Nijar na cikin ƙasashe 14 da ke bin doka guda ta inshora a ƙarƙashin CIMA, ƙungiyar da aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ofishinta kuma yana Libarabil. Dokar ta raba harkar gida biyu: kamfanin da ke inshorar rai ba ya haɗawa da ta mota ko ta gobara, don kada hatsarin bana ya cinye tanadin tsufan wani. Ta kuma hana kamfani yin alkawarin ribar da ta wuce kashi 3.5 cikin 100 a shekara. Wannan ƙa'ida tana da dalili. Equitable Life ta Landan, mai inshorar rai, wadda aka kafa tun 1762, sai da ta daina karɓar sabbin mutane a ƙarshen shekarar 2000, saboda alkawuran da ta ɗauka shekaru da dama kafin nan sun fi ƙarfinta.

Zubin da mutum ke yi duk wata kashi uku yake rabuwa. Wani kaso na ɗaukar nauyin haɗarin mutuwa, wani a ajiye a juya shi, na ukun kuma shi ne kuɗin hidima: la'adar wakili, albashin ma'aikata, hayar ofis, takarda, man babur. A wannan kaso na uku fasaha ke da ta cewa. A ɗauki misali mutum na zuba jika biyar duk wata har shekara 15, jimilla sefa 900,000 ke nan. In hidima na cin kashi 15 cikin 100, abin da ya isa ajiyarsa 765,000 ne. In aka rage ta zuwa kashi 5, ya zama 855,000. Tazarar jika 90 ce tun kafin a yi maganar riba, kuma babu abin da ya canza sai hanyar da kuɗin suka bi.

Wannan lissafin ne ya sa inshorar rai ta tsaya ga ma'aikatan albashi a ƙasar nan, inda duk abin da ake zubawa na inshora bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba. Ma'aikaci yana da sauƙin sha'ani: a cire daga tushe, a turo jimilla. Amma mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ko mai kabu-kabu, ko mai saro aya da wake daga ƙauyukan Tibiri da Agye, wa zai bi su? In wakili zai hau babur ya je Madarunfa karɓar jika biyu, man da zai ƙona da yinin da zai ɓata sun cinye zubin. Kamfani ba sadaka yake yi ba, sai ya haƙura da su.

Salula ta warware wannan ƙulli, ba na ko tantama. Mutumin da ke tura wa ɗansa kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money, ko ya je tagar NITA ko Amana ya aika wa abokin cinikinsa a Agadas, ya riga ya saba da kuɗin da ba a riƙe a hannu. Tura zubin inshora ta wannan hanya ba sabon karatu ba ne gare shi. Abin da ya fi burge ni ma shi ne damar sassauta lokacin zubi. Tsarin wata-wata an ɗinka shi ne a jikin mai albashi. Manomin gujiya kuɗinsa na zuwa da kaka, ɗan tireda kasuwarsa na buɗewa gab da salla, da bazara kuwa kowa na lallaɓawa. A littafin takarda, bin sawun mutum dubu goma da kowa ke zubawa lokacin da ya samu aiki ne da ba ya yiwuwa. Kwamfuta ba ta gajiya da wannan. Tana iya karɓar jika ashirin a watan Nuwamba, ta raba su kan watannin da babu, ta aiko wa mutum saƙo cewa ajiyarsa ta kai kaza.

Ga kuma maganar wanda ya yi jinkirin zubi. Dokar CIMA ta ce kamfani ba ya tilasta wa mutum biyan zubin inshorar rai. Abin da zai yi shi ne ya aika masa wasiƙar gargaɗi ya jira kwana 40, in shiru ya soke yarjejeniyar ko ya rage darajarta. To wasiƙa ina za ta same ka a unguwar Bagalam ko Mokoyo? Mutum nawa ke da akwatin gidan waya? Da yawa sun yi asarar zubin shekaru ba don sun ƙi biya ba, sai don sun canza wurin aiki, cirar ta tsaya, ba su sani ba. Saƙon salula guda, musamman na murya da Hausa, ya isa ya tsare wannan asara.

Zuwa nan duk alheri ne. Inda nake so a tsaya a duba da kyau shi ne tsawon alkawarin, don na'ura ba ta da tsawon rai irin nasa.

Wanda ya shiga yarjejeniyar shekara 20 a 2005 yana riƙe da layin Celtel. A 2008 ya wayi gari layin ya zama Zain, a 2010 ya zama Airtel. Telecel ta koma Moov. Orange ta sayar da reshenta na Nijar a 2019, ya zama Zamani. Sonitel da SahelCom aka haɗe su suka zama Niger Telecoms. Wannan a gefen kamfanoni ke nan. A gefen mutane kuwa, waye a cikinmu ke riƙe da lambar da yake da ita shekara goma sha biyar da suka wuce? Waya ta faɗi a kasuwa, layi ya daɗe ba a sa masa kuɗi ba an ba wani, an yi rajistarsa da katin wa ko na maƙwabci. Idan duk shaidar inshorar mutum lambar salularsa ce, ranar da ya rasu aka raba kayansa, ƙanensa ya ɗauki wayar ya cire layin ya jefar, shi ke nan an binne alkawarin tare da shi. Takardar kawuna ta yi ja, amma tana nan a akwati har aka gan ta. Layin da aka jefar ba mai ganinsa.

Abin da ya faru a Zimbabuwe ya isa ishara. A 2010 kamfanin salula na Econet ya fito da EcoLife, inshorar rai kyauta ga mai sa kuɗin waya daidai wani adadi. Mutane suka yi tururuwa. A 2011 saɓani ya shiga tsakaninsa da Trustco, kamfanin Namibiya mai manhajar da ke tafiyar da tsarin, aka tsayar da shi, mutum wajen miliyan 1.6 suka rasa kariyarsu a lokaci guda. Ba kamfanin inshora ne ya karye ba, ba a kuma sace kuɗi ba. Masu na'ura ne suka ɓata. A Gana kuwa, inda kamfanin salula na Tigo ya fara irin wannan tsari a 2010 tare da BIMA da MicroEnsure, masu harkar inshorar masu ƙaramin ƙarfi, an yi nasarar shigar da jama'a masu yawa da ba su taɓa sanin inshora ba, kuma wani babban sirrin nasarar shi ne wakilai na tsaye a kasuwa suna yi wa mutane bayani baki da baki. Sai dai a lura, irin waɗannan na salula galibi kariyar wata guda ce da ake sabuntawa. Suna da amfani, amma ba su ne tanadin shekara ashirin ba, kuma bai kamata a sayar wa mutum ɗaya da sunan ɗaya ba.

Akwai wani aikin da ba a gani a talla, kuma a ganina ya fi manhajar da ake sa wa a waya muhimmanci nesa ba kusa ba. Shi ne gyaran rumbun bayanai na cikin kamfani. Kamfanin da ya shekara talatin yana aiki za ka tarar wasu yarjejeniyoyinsa na cikin fayil a kabad, wasu a tsohuwar manhajar da wanda ya rubuta ta ya bar aiki, wasu a sabuwa. Duk lokacin da aka kwashe bayanai daga wannan zuwa waccan, wani suna na gurɓata, wata ranar haihuwa na juyewa. Mutum ɗaya ya zama uku, ko uku su zama ɗaya. Tsefe wannan aiki ne mai cin rai da cin kuɗi, ba a yanka masa ƙyalle, ba a kiran ƴan jarida. Amma shi ke sa in mace ta zo da takardar mutuwar mijinta a gano shi cikin minti biyar. A 2016 CIMA ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanonin inshora daga biliyan 1 zuwa biliyan 5 na sefa, mataki-mataki, don a samu kamfanoni masu ƙarfi. Ina ganin ƙarfin kamfanin inshorar rai ba a jari kaɗai ya kamata a auna shi ba. A tambaye shi kwafi nawa yake da shi na bayanan mutane, a ina yake ajiye su, kuma yaushe rabon da ya gwada dawo da su. Mu da muka ga yadda wuta ta yi wuya a Maradi daga watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke ba mu lantarki, mun san abin da aka jingina da wuta da intanet kaɗai yana iya tsayawa rana tsaka.

Shekarun haihuwa da muka sha wahala a kansu ba neman fitina ba ne daga kamfani. Duk farashin inshorar rai a kan shekaru aka gina shi, tun daga jadawalin mace-macen da masanin Ingila Edmond Halley ya fitar a 1693 daga rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Bireslau. Ƙasashen CIMA sun daɗe suna aiki da jadawalin da aka samo daga Faransa ta shekarun 1960 zuwa 1964, sai a 2012 aka koma ga wanda aka gina kan bayanan yankin. Shi ma daga waɗanda suka riga suka shiga inshora aka tattaro shi, akasarinsu ma'aikatan manyan birane. Manomin Dakoro ba ya ciki. In kamfani bai san haɗarin da yake ɗauka ba, tsada yake sawa don ya kare kansa. Saboda haka rajistar haihuwa da mutuwa ta na'ura, wadda ta haɗa ofisoshin magadan gari da asibitoci, za ta yi wa inshorar rai amfanin da babu wata manhajar kamfani da za ta yi mata. Wannan kuwa aikin hukuma ne.

Bayanan nan suna da kaifi biyu, dole a faɗa. A Afirka ta Kudu kamfanin Discovery ya fara shirin Vitality tun 1997, mai saka wa mutum gwargwadon yadda yake kula da lafiyarsa, har kamfanin John Hancock na Amurka ya ɗora sabbin yarjejeniyoyinsa na inshorar rai a kan irin wannan tsari a 2018. Abin sha'awa ne ga mai lafiya. Amma na'urar da ta iya gane mai ƙoshin lafiya ta rage masa farashi, ita ce kuma ke gane mai sikila ko mai ciwon suga ta tsawwala masa, ko ta rufe masa ƙofa ba tare da ya ga fuskar wanda zai roƙa ba. Asalin inshora taron dangi ne, mai ƙarfi ya tallafi marar ƙarfi. In aka tace kowa aka ware shi da farashinsa, an kashe taron. Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Kafin kamfanin salula ya miƙa wa na inshora tarihin kuɗin da kake turawa, ya kamata a tambaye ka, da harshen da kake ji.

Ranar da kuɗin Inna suka shigo, abin da ta ce mini shi ne, "Ɗan nan, da ban buɗe akwatin nan ba fa?" Da suna can har yau. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A Faransa kuɗin inshorar rai da ba a nema ba sun taru har sai da aka yi dokar Eckert a 2014, ta fara aiki a 2016. Ta tsananta wa kamfanoni wajibcin duba rajistar mamata duk shekara su nemo magada da kansu, abin da aka kasa samun mai shi cikin shekara 10 a miƙa wa baitulmalin ajiya na ƙasa, inda kowa ke iya shiga intanet ya bincika da sunan mamacinsa. Nauyin nema ya tashi daga kan gwauruwa ya koma kan mai riƙe da kuɗi. Wannan ne ingancin da nake nufi, kuma fasaha ce kaɗai ke iya sa shi ya yi araha.

Ba zan tsallake abin da ke hana da yawa daga alhazan garin nan kusantar inshorar rai ba, wato maganar riba da garari, rashin tabbas a ciniki. Malamai sun daɗe da magana a kai, shi ya sa aka samu takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979: mahalarta su zuba a asusun taimakon juna, kamfani ya zama wakili mai karɓar ladan aikinsa, a juya kuɗin a halal. CIMA ta fitar da ƙa'idojinta na takaful a 2019. Dukan tsarin ya dogara ne kan raba asusun mahalarta da na kamfani, kuma a nan littafin na'ura ya fi na hannu, don kowane mahalarci na iya ganin abin da ya shiga, abin da aka biya mabuƙata, da rarar da ta saura. Mutanen Maradi ba baƙin wannan tunani ba ne. A jihar nan aka haifi Mata Masu Dubara a 1991, tsarin asusun da duniya ta ɗauka daga baya. Abin da ya riƙe shi shi ne ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, ana faɗin jimilla da ƙarfi. Duk manhajar da ba ta ba mutum irin wannan natsuwa ba, matan nan sun fi ta.

Sai gado. A dokar da muka gada, kuɗin da aka biya wanda aka ambata a yarjejeniya ba ya shiga dukiyar da ake rabawa. Mutum ya rubuta sunan uwargida yana da shekara talatin, daga baya ya ƙara aure, ƴaƴa suka ƙaru, bai koma ya gyara ba don gyaran na buƙatar wasiƙa zuwa Yamai. Ranar biya sai rigima ta tashi a gidan da ake zaman makoki. Da a ce duk shekara waya na ƙara, murya ta ce da Hausa ga waɗanda ka ambata, in akwai gyara danna ɗaya, in kana so a raba bisa gadon Musulunci danna biyu, da an kashe wutar tun ba ta kama ba.

Watan jiya wani saurayi wakilin inshora ya same ni a shago da wayarsa, mai ladabi, ya san aikinsa. Ya ce, "Baba, minti uku kawai, in ɗauki hoton katinka, ka danna lambar sirri, ka shiga." Na gwada, gaskiya ya faɗa, ko minti ukun ba a cika ba aka kai shafin ƙarshe. Kafin in danna na ce, "Yaro, in na mutu, me uwar ɗakina za ta kawo, kuma ina za ta kai?" Ya kira na gaba da shi ya sa a bayyane muka ji tare. Takardun da aka lissafa su ne dai waɗanda muka haɗa wa Inna, kuma na asali ake so, a kai ofis. Na ce ya rubuta lambata, ranar da matata za ta iya ɗaukar hoton takardar mutuwa da wayarta ta tura, a ba ta lambar bin sawu da ranar biya, ya dawo in sa hannu. Ya rubuta, ya ce zai kai maganar taronsu na Yamai.